Harafin da Tafki Bai Ci Ba

Litinin, 3 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Takarda ta zo daga kwamitin wasannin makarantu na gunduma. Shugabar makarantarmu, Misis Bosibori, ta kira ni ofis muna tsakiyar shan shayin ƙarfe goma, ta miƙo mini ita ko zauna ba ta ce ba. An dakatar da Cherop. Ba za ta buga mana ƙwallon raga a gasar gunduma ranar 22 ga wata ba, sai in kwamiti ya zauna ya wanke ta.

Mista Kirui ne ya kai ƙara, mai horar da 'yan matan makarantar da ke ƙetaren gonar shayi. Shekara shida yana lallasa mu bai taɓa buɗe littafin doka ba. Bana mun ba shi kashi sau biyu, shi ne ya tuna ya iya karatu.

Dokar na haddace ta. Ɗalibar da ta sauya makaranta sai ta cika shekara guda kafin ta sa rigar sabuwar, don kada masu horarwa su riƙa sace wa juna yara. Amma wadda aka rufe makarantarsu a kan dole, ita babu jira. Cherop kuwa a Janairu ta zo mana daga Baringo, bayan tafki ya cinye makarantarsu har rufin kwano. Sunayen 'yan makarantar kaf suna hannun kwamiti. Wai sun duba, babu ita.

Na ce, “Ƙarya suke yi, Madam. Yarinyar nan da ƙafarta ta fito daga cikin ruwa.”

Ta ce, “Malama Zeddy, ba ihu na kira ki ki yi mini ba. Karanta layin ƙarshe.”

Na karanta. A jerinsu akwai Naomy Jerop. A fom ɗinmu Naomy Cherop.

Na koma aji na koyar da darasi biyu. Ban san abin da na faɗa wa yaran ba.

Talata, 4 ga Yuni, tsakar rana

Suna ɗaya ne! Kowa a ƙasar nan ya san suna ɗaya ne. Mu 'yan ƙabilar Kipsigis da Ch muke rubuta shi, 'yan ƙabilar Tugen na Baringo da J, a baki kuwa ko uwar da ta raɗa shi ba za ta raba su ba. 'Yar da aka haifa ana ruwan sama, ma'anar ke nan, a nan da can.

Na buga wa shugaban kwamitin waya, Mista Barasa. Mutumin yammacin ƙasar nan ne, ba ya jin yarenmu ko na sallama. Na yi masa bayani har bakina ya bushe.

Ya ce, “Malama, ni ba kunne aka ba ni in yi aiki da shi ba, takarda aka ba ni.”

Na ce ai takardar haihuwarta tana nan.

“Ta Jerop ce, na yarda. Wa ya ce mini ba aro kuka yi wa Cherop ba? Bara wata ta zo mana da takardar ƙanwarta, alhali 'ya'yanta biyu a gida. Wanda ya cika fom ɗin ya zo ranar 19 ya yi bayani da bakinsa. In kuwa mai horarwa ce ta cika, kin san hukuncin.”

Na sani. Shekara guda ba zama a benci, ba shiga fili.

Duk takardun makarantar nan ta ofishin Baba Langat, akawunmu, suke wucewa. Wannan kowa ya sani.

Alhamis, 6 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Atisaye. Na ce wa Cherop ta zauna ta huta, ta ƙi, ta koma tsintar ƙwallo a bayan fili. Yarinyar da in ta yi tsalle hannunta ke wuce raga har gwiwar hannu, yau ita ce ke shiga cikin ciyawa tana miƙo wa waɗanda ba su kai kafaɗarta ba. Sauran sun buga kamar an tashe su daga barci. Na zage su tas, fiye da laifinsu.

Aji huɗu take, shekararta ta ƙarshe. In ba ta buga a gunduma ba, ba za ta je gasar yanki ba, can ne kuwa masu ƙungiyoyin Nairobi ke zuwa da littattafansu suna duba yara. Baɗi ta fita sakandare. Wannan damar ita kaɗai gare ta, kuma tausayinta ya hana ni cin abinci.

Ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya.

Juma'a, 7 ga Yuni, bayan tashi

Shugaba ta tsare Baba Langat a ɗakin malamai, a gaban kowa.

“Baba, shekara talatin kana aikin nan, harafi ɗaya ya gagare ka?”

Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya mayar. “Ban tuna ba, Madam. Amma ido ya yi rauni, ƙila ni ne.”

“To kai za ka je gaban kwamiti.”

“Sai in je.”

Ina zaune ina juya cokali a kofi. Sukarin ya daɗe da narkewa.

Da aka tashi na tarar da kwalbar madara a kan teburina, daga saniyarsa, kamar kowace Juma'a.

Lahadi, 9 ga Yuni, bayan coci

Fasto ya yi wa'azi kan Bitrus, wanda ya yi musun sanin ubangidansa kafin carar zakara. Na fito kafin a gama.

Talata, 11 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Akwai mafita, na tabbata akwai. Kwana biyu ina neman lambar tsohon shugaban makarantar su Cherop, yau na same shi, an mayar da shi can wajen Kabarnet. Mutumin kirki. Ina ambaton yarinyar ya ce, “Doguwar nan? Wadda ta fasa mini gilashin taga da ƙwallo? Ina ta shiga?” Ya ce zai rubuto wasiƙa yau ɗin nan.

Na ce da hatimin makaranta, don Barasa ba ya karɓar takarda tsirara.

Ya yi dariya, amma ba ta daɗi ba. “Malama, hatimin yana cikin durowa, durowar tana cikin ofis, ofishin kuwa kada ne ke kwana a ciki. In kina da ƙarfin hali, zo in nuna miki wurin daga kwalekwale.”

Na sake kiran Barasa. Wasiƙa ba hatimi, ya ce ko shi zai iya rubuta goma kafin shayinsa ya huce.

Suna ɗaya ne. Na gaji da faɗa.

Laraba, 12 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Bayan atisaye Cherop ta tsaya har kowa ya watse. Ta zo da rigar wasanta a wanke, a ninke, lamba tara, ta ajiye a kan benci kusa da ni.

“Malama, ga rigarku.”

Na ce, “Rigarki dai. Ɗauki abinki, ba a gama magana ba.”

“Ba sunana ne a jiki ba.”

Na ce ta daina shirme, wa ke karanta bayan riga ana tsakiyar wasa.

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko cikin kwana tara. Ba rashin kunya, ba kuka. Da ma kukan ta yi.

“Na faɗa miki ranar, Malama.”

Ta juya ta tafi ɗakin kwanansu. Rigar tana cikin jakata. Ba zan rubuta komai a kan ranar ba.

Alhamis, 13 ga Yuni, ƙarfe uku

Ruwa tun azahar. Na duba littattafan 'yan aji uku, na rage wa wata maki biyu a kan harafi ɗaya da jan biro. Sai na mayar mata da abinta.

Asabar, 15 ga Yuni, da hantsi

To, bari in rubuta, tunda littafin nan ba ya da baki.

Ranar da yarinyar ta zo, a Janairu, Baba Langat ba ya nan, ya tafi jana'izar surukinsa. Ni na gan ta a bakin ƙofa da leda ɗaya a hannu, duk abin da ta mallaka ke nan, tsawonta har ta sunkuya kafin ta shigo. Ban ga yarinyar da ruwa ya raba da gida ba, kofin gunduma na gani. Na zari fom na cika da hannuna don kada ranar rufe rajista ta wuce. Tana tsaye a kaina ta ce a hankali, “Malama, da J ne.”

Na yi dariya na ce, “Nan ba Baringo ba ne, 'yata. Nan mun iya rubutu.”

Haka na ce. Ni, Zeddy, mai koyar da rubutu. Daga nan na kai rigar aka buga sunan yadda nake so, na sa a rajistar aji, har a littafin nan ma haka nake ta rubuta shi. Gidansu, gonarsu, makarantarsu, kabarin mahaifinta, duk suna ƙarƙashin tafki. Harafi ɗaya ta tsira da shi, ni kuma na karɓe. Kunya ta ishe ni.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Na je gidan Baba Langat. Na same shi yana yanka wa saniya ciyawa. Ya sa matarsa ta kawo mini mursik a gora, nonon gargajiyarmu, mai tsami yadda nake so, ya bar ni na sha kafin in buɗe baki.

Na ce, “Baba, ni na cika fom ɗin.”

Ko adda bai ajiye ba. “Na san rubutuna, Zeddy. Ni h ɗina ba ta da wutsiya kamar ta ɓera.”

“To me ya sa ka yi shiru aka ci mutuncinka a gaban yaran cikinka?”

“Wata biyar ya rage mini in ajiye aiki. In sun hana ni benci, dama yaushe na zauna a kai? Ke kuwa yaran suna buƙatarki.” Ya jefa wa saniyar ciyawa. “Kuma ina jira in ga ko za ki zo. Kin ɗan daɗe a hanya.”

Na ce ai sai ya yi ƙarya a gaban kwamiti, su kuma suna da rubutunsa a takardu ɗari. In suka gane, yarinyar ta tafi ke nan har abada.

Ya ce, “Ashe kin yi lissafin. Ƙara mursik.”

Na dawo da ƙafa ta cikin gonar shayi. Rabon da in ji iska ta shiga ƙirjina haka tun ranar da takardar nan ta zo.

Litinin, 17 ga Yuni, tsakar rana

Na faɗa wa Shugaba. Ta dube ni ta saman tabarau har na ƙosa, sannan ta ce, “Kin bar ni na wulaƙanta dattijo.” Ta tashi da kanta ta nufi ofishinsa. Ni ma a ɗakin malamai na sake amsa laifina, a gaban waɗanda suka ji faɗan da aka yi masa.

Sai Jerop. Na kira ta gindin bishiyar bayan ɗakin gwaji. Na shirya jawabi tun safe, da na gan ta duk ya gudu.

“Na yi miki laifi. Kin faɗa mini, na yi miki dariya. Ki yafe mini.”

Ta daɗe tana murza gefen siket ɗinta. “Za su kore ki daga benci, Malama.”

“Ba naki ba ne wannan.”

“To wa zai riƙa zaginmu?”

Muka yi dariya mu biyu, tawa da hawaye a ciki.

Sai dai Barasa ya ce amsa laifina kaɗai ba ta isa ba, kowace mai horarwa za ta iya cewa kuskure ne don ta ceci 'yar wasanta. Yana son ya gani da idonsa cewa sunayen biyu ɗaya ne. An aika wa kakar Jerop, ita ta rage mata, gobe za ta taso.

Talata, 18 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Kogo ta iso. Haka muke kiran kowace kaka, amma wannan ta cika sunan. Matatu uku ta hau, motocin hayarmu, ta sauko da sanda da kwalbar zuma, tana tsine wa sanyin Kericho, wai mutanen da ke zaune a nan laifi suka yi wa Allah. A gidana za ta kwana, na ba ta barguna biyu.

Tana zama ta nuna ni da sanda. “Ke ce kika canza wa jikata suna?”

“Ni ce, Kogo.”

“Me kika sa mata?”

“Cherop.”

“To ai sunanta ke nan!”

Jerop ta ce, “Kogo, Jerop ne sunana.”

“Abin da matar nan ta faɗa ke nan! Ku biyun kun sha wani abu ne? Ni na karɓi haihuwarki, ruwa ake yi har akuya ta shigo ɗaki. Kuka taso ni daga Baringo don ku faɗa mini sunan da na raɗa?”

Jerop ta ce a rubuce ne bambancin. Kogo ta ce ita ba ta taɓa ganin an kira mutum a rubuce ya amsa ba.

Ina tuƙa ugali, tuwon masararmu, wata dabara ta faɗo mini. Saura kaɗan in ƙona tukunyar.

Laraba, 19 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

An zauna ƙarfe goma a wani aji na makarantar firamare, mu duka a kan kujerun yara, gwiwa har ƙirji. 'Yan kwamiti biyar, Barasa a tsakiya. Kirui a gefe da fayil mai kauri, sai ka ce shari'ar fili.

Na miƙe na faɗi komai, har maganar “mun iya rubutu”. Wata 'yar kwamiti, Misis Jemutai, 'yar ƙabilar Nandi ce, su ma da J suke rubutawa, ta ce, “Oho, ashe mu ne ba mu iya ba.” Na ce ta yi haƙuri, na riga na sha wannan maganin.

Kirui ya ce labari ne mai daɗi, amma labari ne.

Na ce, “Shugaba, alfarma ɗaya nake roƙo. Minti biyu. Ni malama ce, ku bar ni in yi muku shifta.”

Barasa ya ce, “Shifta? Mu?”

“Kalma ɗaya tak.”

Na yayyaga takarda gida shida na raba musu, har da Kirui. Na ce kowa ya rufe tasa da hannu, ban da leƙe. Sannan na ce wa Kogo, wadda ba ta san ko harafi ɗaya ba, ta kira jikarta yadda take kiran ta a gida.

Kogo ta gyara tsayuwa a kan sanda ta kwarara kira kamar yarinyar tana ƙetaren tafki. Sau uku. Jerop da ke zaune kusa da ita ta amsa, “Na'am, Kogo,” tana rufe fuska.

Na karɓi takardun na jera a kan tebur. Kipsigis uku sun rubuta Cherop. Kirui ma Cherop. Misis Jemutai ta rubuta Jerop. Barasa kuwa, Allah ya ba shi haƙuri, ya rubuta Cherob.

Misis Jemutai ta ɗaga tasa sama. “Shugaba, kai kuma ka haifo mana yarinya ta uku. Ina takardar haihuwarta?”

Ajin ya kece da dariya. Barasa ya yi ta ƙoƙarin ɗaure fuska, ya kasa, har ya cire tabarau yana share ido. Kogo ta tambaye ni me ake wa dariya, na ce mata rubutu. Ta ce dama.

Sun fitar da mu rabin awa. Hukunci: Jerop ɗalibar makarantar da aka rufe ce, babu jira a kanta, za ta buga. A gyara fom, ni da hannuna, a gabansu. Ni kuma babu benci, babu shiga fili har ƙarshen wasannin bana. Barasa ya ce da a ranar farko na faɗa, da gargaɗi kawai zan samu. Na ce na sani.

Na ja layi a kan Ch na rubuta J. Ta fito a karkace.

A bakin ƙofa Kirui ya ce mini, “Sai Asabar. Za mu ga abin da za su yi ba ke.” Na ce ya je ya koyi shifta.

Juma'a, 21 ga Yuni, tsakar rana

Na kai rigar wurin tela a kasuwa. Ya ɓamɓare harafi biyu ya ɗinka ɗaya, sai sunan ya koma gefe guda, ga tabon tsofaffin ana gani. Ya ce a sake sabuwa. Jerop ta ce a bar mata haka.

Shugaba ta ce Baba Langat ne zai zauna a benci da sunan makaranta. Ya tambaye ni ko mutum nawa ke bugawa a kowane gefe. Na ce shida. Ya rubuta a tafin hannunsa.

Asabar, 22 ga Yuni, ƙarfe bakwai na safe

Gari ya waye tas, amma za a yi ruwa da rana, ƙafata ta faɗa mini. Ban iya shan shayi ba.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Bayan igiya na tsaya, cikin masu sayar da dafaffiyar masara, ni da Kogo cikin barguna biyu. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa kallon yarana daga nan ba. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Daga nesa ina hango Baba Langat a benci, ya rungume jakar ƙwallaye, duk wadda ta kalle shi sai ya ɗaga mata babban yatsa.

Mun ci. Ba wannan na zauna rubutawa ba, amma mun ci, uku da ɗaya, kuma muryata ta dushe don ba a hana ni ihu ba. Sati biyu masu zuwa sai gasar yanki.

Abin da nake so in ajiye kafin a fara wasan ne. Mai lasifika yana kiran sunaye, ya zo lamba tara ya kira ta. Yadda ya faɗa yau, haka ya faɗa duk wasannin da suka wuce, babu wanda ya ji wani bambanci a filin nan.

Kogo ta zungure ni. “Me aka rubuta a bayan rigar?”

“Jerop, Kogo.”

“Da can fa?”

“Cherop.”

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ja bargo. “Ku 'yan boko, Allah ya ba ku lafiya.”

Jerop ce za ta fara bugu. Ta je bayan layi, ta buga ƙwallon a ƙasa sau uku yadda na koya mata. Alƙali ya hura usur. Kafin ta cilla, sai ta kai hannun hagu ta kan kafaɗarta, ta lalubo harafin da yatsa, ta taɓa shi. Sannan ta waiwayo bayan igiya ta nemo ni da ido.

Na ɗaga mata hannu. Daidai nan aka fara yayyafi.